Jinin da Baffa Ya Ɗiba a Badarawa

Bayan azahar munka rufe Baffa a Ƙaura. Na Allah muke, wajenshi za mu koma, wannan kowa ya faɗa ya shafa. Amma da anka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, anka jera butoci, sai bakuna sunka fara buɗewa ƙasa-ƙasa.

Wani dattijo da ya zo daga Zurmi ya durƙusa gaban Baba ya yi mishi ya haƙuri, sannan ya dawo ya zauna dab da ni. Bai san ni ɗan gidan ba ne. Ya taɓa gwiwar na kusa da shi ya ce, "Wanga shi na mai ɗibar jinin nan?"

"Shi na."

"To. Allah dai ya san inda jinin ka zuwa."

Wani ya sa baki, wai ya ji Baffa na da gidaje ƙasar Turawa. Wani kuma ya ɗaga kai ya dubi rufin zaurenmu da ke yoyo tun bara, ya ce to ina alamar? Dattijon ya ce ai masu irin wannan samu ba su nunawa. Sunka ɗaga hannu tare sunka yi mishi addu'a, har da ƙwalla a idon ɗaya. Ban ce ƙwallar ƙarya ce ba. Haka dai mutanenmu sunka zauna da Baffa tun yana da rai: ana sonshi, ana kuma kallon hannunshi.

Ni ɗan ƙanenshi ne. Gyaran waya nake yi bakin kasuwa, boko na tsaya a sakandare, sauran duk a waya na tsinta. Abin da ya sa na zauna rubutun ga ba maganar dattijon Zurmi ba ce, wannan da na haɗiye. Maganar Gwaggo ce.

A maƙabarta liman ya roƙi duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe mishi, maza sunka amsa baki ɗaya. A cikin gida Hajiya, matar Baffa, ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana roƙon haka. Da ta iso kan Gwaggo, ƙanwar Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta hawo mashin tun daga Badarawa cikin wannan hali na hanya, sai Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi."

Hajiya ta ce, "Yayanki na hwa. Ki ce kin yahe."

Gwaggo ta ce, "Na ce Allah shi jiƙan musulmi. Ko ba musulmi na ba?"

Daga nan Hajiya ta daina cin abinci. Ta ce ba za ta iya haɗiyar tuwo ba alhali mijinta na kwance da haƙƙin 'yar'uwarshi a wuya. Baba ya shiga ya fita, ya aika, ya yi lallashi. Gwaggo ta ce za ta zauna har sadakar bakwai don zumunci, daga nan ta koma gonarta.

Bari in gaya muku wane ne Baffa tukuna.

Mutum ne da ba ka kai mishi labari ka tashi lafiya. In ka ce an ce, zai ajiye ludayin fura ya ce, "Wa yac ce?" In ka faɗi sunan, ya ce, "Shi kuma wa ya gaya mishi?" Haka zai ta bin ka baya-baya har ka iske labarin ya ƙare a bakin mai shayi. Ko rediyo yake saurare gardama yake yi da ita. Furarshi ba sukari, motarshi tsohuwa ce da sai an tura, kuma bai taɓa yarda a kira shi likita ba. Ya ce shi ba ya ba da magani, shi mai leƙen jini ne. Kun ga ko nan ma ya ba mutane abin faɗa. Likitan da ba ya rubuta magani amma yana karɓar jini, mi za ka kira shi?

Yana da wata ɗabi'a da ke kunyata mu. In ya dawo hutu yara sunka zo gaishe shi, maimakon ya shafa kansu sai ya ja fatar idonsu ƙasa ya leƙa, ya ce su buɗe baki ya dubi dasashi, ya latsa ƙarƙashin haƙarƙari. Iyaye mata har ɓoye 'ya'yansu sukai bayan zane. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa cewa Innata, "Yayan mijinki in ya dubi yaro, awa mai sayen akuya."

Na ga faɗanshi sau ɗaya da idona, ranar kasuwar Shinkafi. Wani mai magani ya kafa lasifika bisa mota yana shelar garin da ke wanke jini, ya kashe sikila, ya kashe sankara, ya kuma ƙara ƙarfin maza. Baffa ya kutsa cikin taro da babbar rigarshi ya ce, "Malam, wace sankarar? Don ta jini kaɗai ba iri ɗaya ba ce." Mutumin ya ce duka. Baffa ya ce, "Mutum nawa ka ba? Ina suke? Waɗanda sunka mutu ka koma ka tambaya?" Mai magani ya juya lasifika ya ce jama'a ku ji ɗan boko zai hana ku waraka don ku kai mishi jininku. Wallahi taron bayan mai magani ya bi. Sai da na ja Baffa da hannun riga. Cikin mota bai yi fushi da su ba. Ya ce, "Sun yi daidai da sunka zarge ni. Shi ne dai ba su zarga ba, nan kuskuren yake."

Akwai kuma wata rana da wani Bafulatani ya kawo ɗiyarshi daga wajen Galadi, ta yi fari fat, hanci na zubar jini. An ce mishi akwai wani mai sanin jini a Ƙaura. Baffa na shirin komawa wajen aiki, jaka har ta shiga mota. Ya sauke jakar, ya sa yarinyar da uwarta baya, ya ja su har babban asibiti. Da anka ce ana buƙatar jini, ya naɗe hannun riga aka ɗibi nashi. Wannan ba ka jin shi a majalisa. Uban yarinyar kuwa har Baffa ya rasu bai daina aiko da man shanu ba, ko da yake yarinyar ba ta yi rai ba.

To mi yake yi da jinin? Nan ne nake son ku ba ni kunne, don ni kaina ranar da na gane sai da na tashi tsaye cikin shago!

Jini cikin ɓargo ake yin shi, can tsakiyar ƙashi. Kowace ƙwaya a jikinmu tana ɗauke da wani tsari da muka gado wajen uwa da uba, shi ke gaya mata mi za ta zama, yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya. Wani lokaci tsarin nan sai ya samu tangarɗa cikin ƙwaya guda a ɓargo. Sai ta manta da tsayawa. Ta yi ta haihuwar 'ya'ya marasa amfani har su cike wurin, jinin kirki ya rasa inda zai fito. Shi ya sa za ka ga yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, dasashi na jini, ƙashi na ciwo. Ita ce sankarar jini. Abin mamakin, tangarɗar ba iri ɗaya ba ce. Yara biyu za su kwanta da ciwo mai kama ɗaya, wannan magani ya karɓe shi, wancan ya ƙi, don inda tsarin ya lalace ya bambanta. Aikin Baffa ke nan tsawon rayuwarshi: neman inda ya lalace a jinin yaranmu. Ya ce yawancin abin da duniya ta sani kan ciwon ga daga jikin 'ya'yan wasu ƙasashe anka koyo shi, kuma shi bai yarda a auna mishi riga a jikin wani ba.

In ya gano abu sai ya rubuta, a buga a mujallun masana. Kuma su masanan ga suna da wata ƙa'ida da ta burge ni ƙwarai. Ba ka faɗin abu ka yi shiru, sai ka ce daga wajen wane na samo. Kamar dai yadda malamanmu na zaure ke cewa wane ya karɓo daga wane. Duk wanda ya dogara da aikin Baffa, ko a ina yake, dole ya ambace shi a ƙarshen nashi rubutun. Kuma akwai shafi a intanet da ke ƙirga wannan ambato! Kowace takarda da ya rubuta ga ta nan, gefenta ga yawan waɗanda sunka jingina da ita. Ba zan sa adadin nan ba don ba ya tsayawa, yau ka duba gobe ya ƙaru. Ranar da na ci karo da shafin, na ga sunan gidanmu, na ga mutane daga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗi ba suna ambatonshi, na rufe shago na ruga gida da waya a hannu.

Na iske shi yana yanke farce. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya miƙo min.

"Wa ya ƙirga?"

Na ce inji ne, Baffa, ba ya kuskure.

"Injin ya karanta? Ya san wanda ya ambace ni don ya ce na yi daidai, da wanda ya ambace ni don ya ce na yi shirme? Duk ɗaya yake lissafa su." Ya hure farcen. "Akwai masu ambaton abokansu don a rama musu. Akwai mai ambaton kanshi da kanshi har ya yi tsawo. Waccan ta sama da kake murna da ita, dubi sunan da ke gaba. Ba nawa ba ne. Na wani ne da bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba. Mu munka bi ƙauyuka, shi ke da injin gwajin."

Na ce to amma dai ai daraja ce.

Ya ce, "Koma ka tambayi shafin naka yara nawa sunka tashi sunka koma makaranta. In ya ba ka amsa ka zo in yi murna."

Na sa wayar aljihu na fita, amma ban daina dubawa ba. Har yau ina dubawa.

Takardar nan ta sama, wadda ta fi kowace yawan ambato, ita ce ta haɗa shi da Gwaggo. Ni ban yi wayo ba lokacin, Baba ya ba ni labarin. Ɗan farin Gwaggo ya kwanta yana ɗan saurayi, ya fara iya riƙe garma. Anka yi maganin maleriya, anka yi na shawara, anka yi rubutu. Baffa ya zo Badarawa ya ja fatar idonshi ya leƙa, ya sa shi a mota. A asibiti anka huda ƙashin ƙugunshi anka zuƙo ɓargo, anka tabbatar. Anka fara magani, ya ɗan taso, ya sake komawa. Da abin ya ƙi, anka maido shi gida.

Sai Baffa ya sake zuwa, da akwatin ƙanƙara ɗaure bayan mashin. Ya zauna zaure da mijin Gwaggo, Allah ya jiƙanshi shi ma, sunka yi magana irin ta maza, mijin ya dangwala yatsa a takarda. Gwaggo na madafa tana dama kunu. Ta shigo da kwano ta iske yayanta durƙushe kan ɗanta yana cika 'yan kwalabe da jini, yaron da ko zama ba ya iyawa. Ba wanda ya ce mata ga dalili. An tambayi maigida, a wajensu magana ta ƙare. Yaron bai daɗe ba bayan nan. Daga baya Baffa ya zama farfesa, anka fara kiranshi ƙasashe.

Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara cin abin hannunshi ba. In ya aika da shinkafar salla, ta raba wa maƙwabta a gaban ɗan aiken. Shi kuma, mutumin da ke tsayawa tsakiyar kasuwa ya ƙure mai lasifika, bai taɓa iya zama gaban ƙanwarshi ya ce ga abin da na yi ba. In an ambaci Badarawa sai ya tashi ya ɗauki buta.

Ranar sadakar uku na ga Hajiya ta rame, leɓenta ya bushe, sai na ce ai ni ke da maganin abin ga. Gwaggo ba ta san girman aikin ba ne. In ta gani da idonta za ta sauko. Na iske ta bayan ɗaki tana tsince gero na gumba, na durƙusa na buɗe shafin.

"Gwaggo, dubi nan. Wannan layin, aikin da anka yi da jinin su yaya ɗanki ne. Kin ga wannan lamba? Duk mutanen da sunka amfana da shi ne. Kowane ɗaya masani ne, wani a gabas, wani a yamma."

Ta share hannu a zane, ta karɓi wayar da yatsa biyu. Karatun boko ba ta yi ba, amma lamba ta sani. Na yi ta ja mata sunayen suna wucewa, suna wucewa, ba su ƙarewa.

"Dut waɗanga?"

"Duka, Gwaggo! Kuma kullum ƙaruwa sukai."

"Kowane da albashinai?"

Na ce e to, ai aikinsu ne.

Ta miƙo min wayar. "Ni ina cewa shi kaɗai yac ci. Ashe gayya yay yi."

Na fara cewa ba haka ba ne, ta ɗaga hannu. "Nuna man sunan yaron."

Na ce ba a sa sunan marar lafiya, lamba ake ba shi, don a rufa mishi asiri.

"Asirin mi? Sata yay yi?" Ta jawo faifan gabanta. "Ni kunyar ɗan hwari ta hana ni hwaɗin sunanai tun ran da anka raɗa mai shi. Har yam mutu ban kira shi ba. Su mi ya hana su? Su ma su sunka haihe shi?"

Ta ci gaba da tsintar gero. Kafin la'asar ta sa an gaya wa mai mashin ɗinta ya zo da wuri ran bakwai, ba za ta tsaya cin abinci ba. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da wayarka."

Ran bakwai, an gama addu'a ana rabon gumba, sai ga wata mata ta sauka daga motar haya, da tabarau da jakar goyo. Ɗalibar Baffa ce, ita ke riƙe da ɗakin gwajinshi yanzu. Ta ce hanya ce ta hana ta zuwa da wuri. Na raka ta cikin gida wajen Hajiya. Gwaggo na zaune bakin ƙofa da ƙullin kayanta a cinya, mai mashin na jira waje. Da ta ji an ce daga wajen aikin Baffa take, ta ajiye ƙullin.

"Ke ta mai tsaron jinin?"

Matar ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta durƙusa ta ce, "Ni ce, Mama."

"Akwai na wani yaro na Badarawa. A ba ni in rufe. Ko mahaihwa ba mu bari a waje, balle jini."

"Ya ƙare, Mama. Tun tuni. Ɗan kaɗan ne, aikin ya cinye shi. Abin da anka karanta cikinshi kawai ya rage."

"Haka za ki ce."

"Haka ne."

Gwaggo ta ƙura mata ido. "To in tambaye ki, ki ji tsoron Allah. Ran da yaz zo da kwalabe, ya san yaron ba shi tashi?"

Hajiya ta ce, "Haba, baƙuwa ta hwa." Ni kuwa ina ta yi wa matar alama da ido ta ce ba ta sani ba. Ba ta ko dube ni ba.

"Ban zo wajenshi ba lokacin. Amma na san aikin. In ciwon ya dawo bayan magani irin yadda takardar ta nuna, a wancan zamani, ya sani. Wannan ɗibar ba ta magani ba ce. Ta bincike ce. Yana son ya ga mi ya canza a jinin da har magani ya daina ci."

Hajiya ta rufe fuska. Ni ma na daɗe ina ba kaina wata amsar daban.

Gwaggo ta ce, "Yau dai na ji. Shekara da shekaru kowa na ce man don a taimake shi na."

Matar ta ce, "Akwai abin da ban gane ba sai yanzu da na gan ki. Mu ɗalibanshi yana da wata doka da ta ishe mu. Ba a taɓa jinin yaro sai uwar ta zo ta zauna. Ko uba ya sa hannu, ko kaka ya sa, ko hakimi ya aiko. Sai an gaya wa uwar da harshenta, in Fulatanci take ji a nemo mai Fulatanci, a ce mata wannan na magani ne, wannan kuma ba zai warkar da ɗanki ba, na waɗanda za su zo baya ne, kin yarda? In ta ce a'a, a naɗe kaya. Mun yi asarar aiki da yawa a kan haka. Abokan aikinmu na waje har faɗa sunka yi da shi, wai yana ja musu lokaci. Mun tambaye shi dalili, ya ce mu yi abin da anka ce."

Gwaggo ta juya ta dubi Hajiya. "Ke kin kitsa mata wagga magana?"

"Yau na hwara ganinta, wallahi."

Ta juyo kaina. "Ko kai, da wayarka?"

Na rantse.

Ta daɗe tana kallon matar, kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage. Mai mashin ya danna oda a waje, ba ta motsa ba.

"Matan sukan yarda?"

"Da yawa sukan yarda. Wasu su ƙi."

"Da ya tambaye ni," in ji Gwaggo, sai ta tsaya. Ta murza bakin mayafinta. "Ban sani ba. Ƙila in ba shi. Ƙila in kore shi da muciya. Amma da ni ta na hwaɗa."

Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta ce an ce ina rubuta abin tunawa da Baffa don mutanen waya su karanta. Na ce haka ne. Ta ce to in rubuta wannan, kada in rage.

Ga shi, yadda ta faɗa. Cikin yaran da anka yi aikin nan da jininsu akwai wani ɗan Badarawa. Dogo ne, baƙi, da wushirya. Tantabaru yake kiwo, in ya yi fito daga bakin gona suna sanin shi ne. Ba ya cin kuɓewa. Ya taɓa kwana biyu yana neman tunkiyar maƙwabci da ba tashi ba. Ran da anka huda mishi ƙashi bai yi kuka ba sai da uwarshi ta fita. Duk wanda ya jingina da waccan takarda, a jikin wannan yaro ya jingina. Sunanshi ta ce in bar shi, ba ta faɗa ba, ni ma ba zan riga ta ba.

Da na gama dannawa na karanta mata, ta sa na maimaita wajen tantabaru. Sannan ta tashi, ta ɗauki kwanon tuwon da ke rufe gefen Hajiya tun safe, ta buɗe ta dangwara mata a gaba.

"Ci. Na yahe mai." Ta ɗauki ƙullinta ta aza a ka. "Amma bayanin da bai yi man ba, yaron na can. Shi yi mai da bakinai."

Allah ya sa haɗuwar tasu ta yi sauƙi, ya yalwata musu makwanci su duka biyun.